Littafin Aro: Hukuncinsa da Abin da Ke Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa, tambaya ta yawaita a kan littattafan labari da ke yawo hannu zuwa hannu a garuruwanmu, daga Mai Wurno zuwa ƙauyukan Jazira, har Damazin da Rusairis. Iyaye suna tambaya ko su ƙwace su daga hannun yara. Ɗalibai suna tambaya a ɓoye ko karanta su zunubi ne. Masu littattafan kuwa kukansu ɗaya ne: an ara, ba a mayar ba. Za mu taɓa kowace tambaya gwargwadon hali, in Allah Ya yarda.

Littattafan nan iri biyu ne. Akwai na Larabci, irin ƙananan littattafan aljihu na Masar kamar Rajulul Mustahil na Nabil Faruƙ, da na Ɗayyib Salih, waɗanda ɗalibanmu kan sayo na hannu a kasuwar Wad Madani ko a Mafrush, inda ake shimfiɗa tsofaffin littattafai a Hartum sau ɗaya a wata kafin yaƙi. Akwai kuma na Hausa da rubutun boko, waɗanda ake bugawa a Kano da Zariya. Su waɗannan ba a sayar da su a kantunanmu. A jakar matafiyi suke zuwa, ko alhaji ya samo a wajen 'yan'uwa a Makka, ko wanda ya je ganin dangi ya dawo da biyu ko uku. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 hanyar yamma ta Junaina ta yi wuya, mutane da yawa kuma sun bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Saboda haka littafin Hausa da ke hannunka yau, mai yiwuwa shi kaɗai ne irinsa a garin. In ya ɓata, ya ɓata wa kowa.

To, mu fara da hukuncin karanta labarin da aka ƙaga. Masu hanawa sukan kawo aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda yakan kawo labaran Farisa na Rustum da Isfandiyar don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Amma ayar da kanta ta faɗi manufar mutumin, wato ɓatarwa daga hanyar Allah da yi mata izgili. Nan laifin yake. Da ƙaga labari kansa haram ne, da malamanmu ba su karantar da Muƙamatul Hariri a zaure ba. Hariri, wanda ya rasu a 516 bayan Hijira, ya rubuta muƙama 50 a kan Abu Zaidis Saruji, tsoho mai wayo da ke cin dukiyar mutane da daɗin baki. Kowa ya san ƙagagge ne, amma a ƙasar Hausa ba a cewa ɗalibi ya ƙoshi da lugga sai ya sauke shi. Ashe labari tukunya ce, abin da aka zuba a ciki ake dubawa.

Mu duba abin da aka zuba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fito ne daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Ɗalibin da ya karanta Muƙama zai gane Malam Zurƙe nan take, don ƙanen Abu Zaidi ne: duk garin da Alhaji Imam ya sauka sai ya same shi, su yi wa juna ƙeta, su rabu. Hausarsa kuwa tatacciya ce, irin wadda jikokinmu ke neman rasawa. Shaihu Umar ya fi kusa da zuciyarmu. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai daf da rasuwarta. Mu da kakanninmu suka baro Sakkwato, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 kuma suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin wannan kogi, ba sai an yi mana sharhin rabuwar uwa da ɗa a hanya ba. Aibinsa ɗaya ne a ganinmu: Umar ya cika haƙuri har ba ka jin motsin zuciyarsa, uwar ce take ɗauke da littafin.

Sai littattafan Kano na baya-bayan nan, da ake kira na soyayya, waɗanda suka yi yawa tun daga ƙarshen shekarun 1980. A kansu gardama ta fi zafi, kuma kuskure ne a ɗaure su da igiya ɗaya. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, matar da mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da 'ya'ya tara bayan ya yi sabon aure, ta riƙe su da sayar da abinci. Wallahi babin nafaƙa da muke karantarwa shekara da shekaru bai shiga kunnen wasu magidanta kamar yadda wannan labari zai shiga ba. Wa Zai Auri Jahila? nata kuma ya taɓa cire yarinya daga makaranta da aurar da ita dole ga tsoho. Wanda ya karanta Mausimul Hijra na Ɗayyib Salih ya ga inda irin wannan aure ya kai Husna da Wad Rayyis. Marubuciyar Kano da marubucin bakin Nilu ciwo ɗaya suka gani. Sai dai Mausimul Hijra akwai batsa a wasu wurare, na manya ne, kada a miƙa wa yaro.

Inda muke da magana da yawancin littattafan soyayya shi ne ladan da suke ba mai haƙuri. Ko a Alhaki, sakayyar tarbiyyar Saudatu ita ce miji mai kuɗi. A ƙananan littattafan kuwa abin ya wuce misali: gidan sama, mota, akwatunan lefe, shafi bayan shafi. Yarinyar da ubanta ke aikin hawashar wani, tana zaune a kambo, in ta sha irin wannan shekara uku, wane saurayin garinmu zai cika mata ido? In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya juya abin, 'yar mai kuɗi ce ta zaɓi talaka mai hali, wannan kuwa ya kyauta. Amma Sumayya ta faɗa rijiya da aka hana ta wanda take so, kuma duk mai karanta wa yara wannan wuri wajibi ne ya tsaya ya gaya musu cewa kashe kai babban zunubi ne, so ba ya halatta shi. Wanda kuwa aka cika shi da siffanta jiki da sirrin ɗaki, wannan ba ma ganin uzurin ajiye shi, balle a ara wa ɗan wani.

Ƙwacewa fa? A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan da aka karɓe daga ɗalibai a wata makarantar 'yan mata. Rubutu bai tsaya ba, daga baya ma ya koma cikin waya, inda uba ba ya ganin ko bango. Littafin takarda yana da wannan falala: ana ganinsa, yana da suna, uwa na iya cewa a karanta mata. Kuma a nan Sudan akwai abin da Kano ba ta da damuwarsa. Yaranmu da Larabci suke karatu, makaranta ba ta koya musu rubutun Hausa. Sau da yawa mutum ɗaya ne mai iya boko a gida, shi ke karantawa a bayyane bayan isha, ga jabana a kan wuta, tsofaffi na gyara masa lafazi suna fassara karin magana. Wanda ya kashe wannan zama ya rufe wata makaranta bai sani ba.

Yanzu haƙƙin aro. Ba da aro alheri ne. An ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa ma'un ɗin da aka zargi masu hana shi a Suratul Ma'un ya haɗa da tukunya da guga da gatari da maƙwabta ke ara wa juna. Mai littafin da ya kulle shi a akwati har gara ta ci, ya tuna da ɗakin Mustafa Sa'id a labarin Ɗayyib Salih, cike da littattafai, a kulle, bai amfani kowa a ƙauyen ba. Amma mai karɓa ma akwai nauyi a wuyansa. A babin aro na Risala, Ibn Abi Zaid ya bambanta abin da ake iya ɓoyewa da wanda ba a iyawa, kamar dabba. Littafi cikin na farko yake, don haka in ka ce ya ɓata, malamanmu na Malikiyya sun ce ka biya, sai in ka kawo shaida cewa ya salwanta ba da sakacinka ba. Wanda gudun hijira ya raba shi da kayansa a idon jama'a, shaidarsa a fili take, kada a matsa masa. Muhtasar Halil ya inganta mai aro ya ara wa wani, masu sharhi suka ce matuƙar mai abin bai hana ba. Ibn Jama'a kuwa, a Tazkiratus Sami', ya lissafa ladubban aron littafi: kada a jinkirta mayarwa, kada a yi rubutu a ciki, kada a miƙa wa wani ba izini. A halin da muke ciki, wannan ladabin ya fi dacewa a riƙe. Littattafan Kano sukan zo na ɗaya, na biyu, na uku, in ka riƙe na biyu ka kashe ukun duka.

Wani abu kuma: shafin da ya yage kada a ƙunshe ta'amiyya ko gyaɗa da shi. Da wuya ka sami shafin littafin Hausa da babu sunan Allah a ciki, kuma rubuta shi da boko bai rage masa alfarma ba.

Shawararmu ga ƙungiyar masallaci ita ce a ware akwati ɗaya a ofishin makaranta, a waje da wurin salla. Wanda ya ga dama ya ba da littafinsa waƙafi, don mazhabarmu ta halatta waƙafin littafi, har ma na ɗan lokaci. A sami rajista da suna da rana, aro kwana 7, a sake in ba mai jira. Malami ɗaya da malama ɗaya su karanta kowane littafi kafin ya shiga, su rubuta a bango ko na yara ne ko na manya. Sharaɗin ɗalibi kuwa, sai ya biya allonsa na ranar. Mai littafin da ya yage ya kawo, akwai zare da gam, ɗalibai za su ɗinke shi ranar Alhamis.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Wallahu a'alam.