Wa Ake Yi wa Magana? Tarken Shirye-shiryen Rediyon Intanet Masu Ba Iyaye Mata Shawara

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, shawarar ciki da haihuwa da goyo ba abin da ake nema a wajen baƙo ba ce. Mace kan same ta ne a tsakar gida, daga bakin uwa ko goggo ko kaka ko ungozoma, musamman a lokacin goyon ciki da kuma kwana arba'in na jego. A yau kuwa an sami wata sabuwar murya da ta zauna a wannan mazauni, wato muryar shirye-shiryen tattaunawa da ake saurare ta intanet a wayar hannu, inda ake gayyato likita ko jami'ar jinya ko malama domin amsa tambayoyin iyaye mata.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken irin waɗannan shirye-shirye ta fuska guda: wa ake fuskanta da magana, kuma wa ke jin ta? Ra'ayin da maƙalar ta ɗauka shi ne, intanet ya ba uwa sirrin da ba ta taɓa samu ba, amma kuma ya raba shawarar da kunnuwan waɗanda ke da ikon zartar da ita. Za a fara da waiwaye, sannan a dubi sigar shirye-shiryen, a kawo abin yabo da abin gyara, a kuma kammala.

2.0 Waiwaye

Rediyo tsohon abokin Bahaushe ne. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa kuma a 2007. A cikin gida, Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai, ta kuma buɗe ƙofar mallakar gidan rediyo ga 'yan kasuwa, abin da ya kai ga buɗe Freedom Radio a Kano a 2003. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma sauƙaƙa wa mai saurare bugowa ya tofa albarkacin bakinsa. Da intanet ya wadatu, sai manyan gidajen suka riƙa ɗora shirye-shiryensu a shafukansu, wasu mutane ɗaiɗaiku kuma suka buɗe nasu a Facebook da YouTube, ana yayyanka su ana yaɗawa a zaurukan WhatsApp.

Batun da ake tattaunawa a kai ba na wasa ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kuwa ya kai mata wajen 82,000 a shekara, wato fiye da rubu'in duk matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa. Ke nan, duk shirin da ya ɗauki nauyin yi wa uwa magana, da rai yake mu'amala, don haka ya cancanci a auna shi da tsattsauran ma'auni.

3.0 Sigar Shirye-shiryen

Galibin shirye-shiryen ƙafa uku gare su, kamar murhu. Akwai mai gabatarwa, wadda yawanci mace ce, akwai baƙo masani, akwai kuma masu tambaya ta waya ko ta saƙon murya. Mai gabatarwa kan tsaya ne a matsayin yaya ko ƙawa, tana sassauta maganar masani, tana maimaita ta da Hausar gida. Ingancin shiri ya dogara ne a kan wannan aikin tafinta fiye da yawan ilimin baƙon.

Sunayen shirye-shiryen ma kansu abin nazari ne, domin kowane suna yana nuna wanda aka sa a gaba. "Haifi Ki Yaye" na BBC ya ɗauki sigar umarni ga mace guda, amma a haƙiƙa fata ne da addu'a, domin ba a kai ga yaye sai uwa da ɗa sun rayu tare. "Abu Namu" na Muryar Jamus ya yi amfani da wakilin suna na jam'i, ya mai da lamarin na mata baki ɗaya. "Rayuwata" na Rediyon Faransa ya miƙa wa macen bakin magana, ita ke ba da labarin kanta. "Domin Iyali", wanda Muryar Amurka ta daɗe tana gabatarwa a baya, shi ne ya ambaci gidan gaba ɗaya. Idan aka lura, uku daga cikin huɗun nan mace suka fuskanta, ko dai a matsayin "ke" ko "mu" ko "ni". Wannan karkata ta fi fitowa fili a ƙananan shirye-shiryen da aka haifa a intanet, inda tun daga sallama ake kiran "'yan'uwa mata".

4.0 Abin Yabo

Babban abin da waɗannan shirye-shirye suka ci nasara a kai shi ne kunya. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa aka buga a 1954, ya nuna yadda kunya ta dabaibaye haihuwar fari, har uwa ba ta kiran sunan ɗanta. Wannan tarbiyya ce ke sa mai cikin fari ta ɓoye ciki, ta daure naƙuda ba tare da ta yi ƙara ba, ta kuma kasa tambayar abin da ke damunta. Saƙon murya ko rubutacciyar tambaya da ake karantawa ba tare da suna ba ya warware wannan ƙulli. Matar da ba za ta iya furta yoyon fitsari ko zubar jini a gaban surukarta ba, tana iya turawa ta ji amsa a ɗakinta.

Abu na biyu shi ne nisa. Tun kafin Abner Cohen ya wallafa nazarinsa a kan Hausawan Sabo ta Ibadan a 1969, Hausawa ke zaune suna hayayyafa a biranen kudu. A yau akwai su a Agege da Idi-Araba a Legas, da Ama Hausa a Owerri, da zangunan Kumasi da Nima a Gana, ban da matan ma'aikata da na sojoji da aiki ya kai su inda ba su da kowa. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata ba sa samun zuwa goyon ciki, asibitin da suke zuwa kuma ba a jin Hausa. Ga irin wannan mace, shirin intanet shi ne goggo, shi ne kuma ungozomar da ta iya harshenta.

Abu na uku shi ne gudummawar da suka bayar wajen daidaita kalmomi. Misali mafi kyau shi ne yadda "tazarar haihuwa" ta maye gurbin "ƙayyade iyali". Ta biyun tana jawo gardama, domin Bahaushe ya yi imani ba wanda ke ƙayyade abin da Allah ya ƙaddara. Ta farkon kuwa ta sami gindin zama a cikin abin da aka sani, domin tun asali kwanika abin kunya ne, ga shi kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu. Haka nan an raya kalmomi irin su dakashi da tamowa da jijjiga da mabiyiya, waɗanda 'yan boko suka fara mantawa da su.

5.0 Abin Gyara

5.1 Umarni ga Wadda Ba Ta da Iko

Duk wanda ya saurari irin waɗannan shirye-shirye zai lura da yawan jumlolin umarni masu ɗauke da "ki": ki je awo, ki haihu a asibiti, ki ci abinci mai gina jiki, kada ki ba jariri ruwa. Ta fuskar likitanci, babu aibu a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayar da nono zalla na wata shida, a 2016 kuma ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa sau takwas. Aibun yana ga nahawun, domin ya ɗora aikin a kan wadda ba ita ke yanke hukunci ba.

A 1994 Thaddeus da Maine sun bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A gidan Bahaushe, na farko yana hannun miji da mahaifiyarsa, domin su ke ba da izinin fita. Na biyu yana hannun mai kuɗin mota da yanayin hanya. Na uku yana hannun hukuma. Babu ko ɗaya da ke hannun mai naƙuda. Idan aka dage da cewa "ki je" ga wadda ba za ta iya fita ba sai da izini, abin da aka ƙara mata shi ne zargin kai, ba lafiya ba.

5.2 Rashin Tsakar Gida

A nan ne bambancin tsohon rediyo da sabo ya fito. Akwatin rediyo a tsakar gida ko a zaure ake kunna shi. Idan likita ya yi magana, uwargida ta ji, amarya ta ji, tsohuwa tana kaɗi ta ji, maigida ma ya tsinta ko da bai yi niyya ba. Daga nan sai gardama ta tashi, kuma a cikin wannan gardamar ce shawara kan zama ta gida. Wayar hannu kuwa ta mutum ɗaya ce, sau da yawa ma da abin toshe kunne ake saurare. Sirrin da ya kori kunya, shi ne ya kori sauran masu ji.

A ɗauki misalin ruwa. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake ba nono zalla a Nijeriya. Uwa tana iya gamsuwa da bayanin cewa akwai isasshen ruwa a cikin nono, amma idan bazara ta yi zafi, kaka ce za ta ɗauki jikanta ta ɗura masa ruwa, tana mai ganin hana shi zalunci ne. Ita ce kuma kan sa a matse dakashi a zubar, a fara ba jariri rubutu ko dabino. Kakar nan ba ta ji shirin ba. Idan suruka ta kawo mata abin da ta ji a waya, ba a ɗaukarsa ilimi, rashin kunyar 'ya'yan zamani ake ɗaukarsa. Daɗin daɗawa, mace mai babbar waya da kuɗin data tana cikin waɗanda suka fi kusa da asibiti tun farko. Wadda ta fi bukata, a ƙauye, har yanzu akwatin rediyo take ji.

5.3 Mai da Al'ada Abokiyar Gaba

Wani rauni kuma shi ne yadda wasu baƙi masana kan yi wa al'ada kuɗin goro. Gaskiya ne cewa binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Amma jego ba wankan tafasasshen ruwa da kanwa ne kaɗai ba. A cikinsa akwai hutun kwana arba'in, akwai kauri da abinci mai kyau, akwai kuma tsohuwar da ke zaune da mai jego dare da rana tana lura da ita. Wannan shi ne ainihin tallafin da shirye-shiryen ke da'awar bayarwa, kuma murya daga waya ba za ta iya riƙe jariri uwa ta yi barci ba. Shirin da ya tsame abin da ke cutarwa ya yaba sauran, zai sami kunnen tsohuwa. Wanda ya kira duka jahilci, ya rasa ta, ya kuma rasa jikanta.

5.4 Shawara da Talla

A ƙarshe akwai matsalar cuɗanyar shawara da ciniki. Gidan rediyo mai lasisi yana ƙarƙashin idon hukuma, amma wanda ya buɗe shiri a wayarsa ba haka yake ba. Don haka akan sami inda ake fara bayani a kan ƙarancin ruwan nono ko sanyin mata, a ƙare da lambar wayar mai sayar da haɗi. Amanar da salon "yaya da ƙanwa" ya gina, ita ake sayarwa, mai saurare kuma ba ta da hanyar bambance likita da mai talla tunda murya kawai take ji.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa shirye-shiryen rediyon intanet sun yi rawar gani wajen ba uwa bakin tambaya, da isa ga wadda ke nesa da gida, da kuma raya kalmomin haihuwa da goyo. Sai dai sun gaza a wuri guda mai muhimmanci, wato suna yi wa "ke" magana a kan abin da "ku" ke yankewa. Gyaran ba ya bukatar sabuwar na'ura. Yana bukatar a zaunar da miji da suruka da ungozoma da liman a teburin tattaunawa, a ware wasu shirye-shirye da za a fuskanci maigida kai tsaye a kan izini da tanadin kuɗin haihuwa, a kuma tsara wasu ta yadda uwa za ta iya kunna su a bainar mutanen gida ba tare da ta ji nauyi ba. Haka nan ya kamata a riƙa miƙa su ga gidajen rediyon jihohi domin na ƙauye su ji. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haihuwa ma haka take: mace ɗaya ke durƙusawa, amma gida guda ne ke yanke ko za ta tashi.