Ƙofar Zaure da Ƙofar Kicin: Kariya ga Labaran 'Ya'yan Sarauta Masu Binciken Kisa

Tun ba yau ba ake yi wa wannan nau'in littattafai kallon raini. A 1945 mai sharhi Edmund Wilson ya fito a mujallar The New Yorker yana cewa karanta labaran gano mai kisa ɓata lokaci ne, ya kuma ɗora wa littafin Dorothy L. Sayers mai suna The Nine Tailors karan tsana. Shekara guda kafin nan Raymond Chandler ya zargi marubutan Ingila da mayar da kisan kai wasan falo. Magajinsu na yau yana ƙara da cewa: ina amfanin wata 'yar sarauta mai fara'a, a zamanin da ya shuɗe, tana warware abin da ya gagari 'yan sanda? Ni dai na daɗe ina karanta waɗannan littattafai da ƙauna, kuma ina ganin masu sukar sun tsaya a bakin zaure ne suka yanke wa gida hukunci.

Tarihin ba shi da tsawo. Sayers ta fito da Lord Peter Wimsey a 1923 cikin Whose Body?, ƙanen Duke na Denver, mai kuɗi da surutu da son tsofaffin littattafai. Ita zamaninta take rubutawa. Waɗanda suka zo daga baya ne suka waiwaya, suka mai da shekarun nan na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu filin tarihi. Kerry Greenwood ta kawo Phryne Fisher a 1989, ta ajiye ta a birnin Melbon na Ostireliya a 1928. Carola Dunn ta kawo Daisy Dalrymple a 1994, labarinta na farko yana faruwa a 1923. Rhys Bowen ta kawo Lady Georgiana Rannoch a 2007 cikin Her Royal Spyness, a Landan ta 1932. Mai bincike ya tashi daga namiji ya koma mace, raha ta ƙaru, amma ginshiƙin gidan bai motsa ba.

Ginshiƙin nan shi nake kira dabarar ƙofa biyu. Babban gidan Turawan Ingila na wancan zamani yana da ƙofar manya a gaba da ƙofar ma'aikata a baya ko a ƙasa. Ɗan sanda idan ya zo, babu wadda ke buɗe masa da gaske. Manya suna ganinsa talaka mai shisshigi, sai su amsa masa a taƙaice. Ma'aikata suna tsoron kada bakinsu ya raba su da abincinsu, sai su yi gum. Duk wanda ya san gidan sarauta ya san wannan shirun. Abin da marubuci ke bukata shi ne mutumin da zai ratsa ƙofofin biyu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Dubi yadda Sayers ta yi. A Whose Body? an tsinci gawar wani mutum a bahon wanka, ba komai a jikinsa sai tabarau. Wimsey yana shiga falon manya ya zauna ana hira, yana zuba shirme da gangan har a ɗauke shi wawa, baki ya saki. Amma rabin aikin hadiminsa Bunter ne ke yinsa. Bunter ya ɗauki kyamara ya shiga wajen ma'aikatan wani attajiri da ya ɓace, yana ɗaukar hoton zanen yatsu yana jan su da hira. Daga baya ya gayyaci hadimin wani babban likita, ya cika shi da abin sha, ya bar shi yana ƙorafin maigidansa: yawan aikin dare, da motsin da ake ji a gidan bayan kowa ya kwanta. Bunter ya rubuto wa Wimsey wasiƙa cikin ladabi ya zayyana komai. Mai karatu yana murmushi da salon wasiƙar, bai ankara ba an miƙa masa shaidar da ta fi kowace nauyi. Nan gwanintar take: rahar ita ce mayafin da aka lulluɓe hujja da shi.

Bowen ta ɗauki dabarar ta cusa ta cikin mutum ɗaya. Georgiana ita ce ta 34 a jerin masu jiran gadon sarautar Ingila, amma ba ta da ko sisi. Kakarta ta wajen uba 'yar Sarauniya Victoria ce, kakanta na wajen uwa kuwa tsohon ɗan sanda ne, talakan Landan. Yau tana shan shayi da Sarauniya Mary, wadda ke so ta sa ido kan Yarima mai jiran gado da wata mata mai suna Wallis Simpson; gobe ta sa kayan 'yar aiki a ɓoye ta tafi share gidajen masu kuɗi don ta samu na abinci. Da ta ɗaura wannan tufafi sai ta gano abin da kowace 'yar aiki ta sani, wato manya ba sa kallon fuskar mai riƙe da tsintsiya. Sannan sai ga gawar wani Bafaranshe a bahon wankan gidansu, aka kama yayanta. Wanda ya san Sayers zai gane gaisuwar: bahon wanka daga Whose Body?, ɗan'uwa mai sarauta da ake tuhuma kuma daga Clouds of Witness na 1926, inda aka gurfanar da yayan Wimsey gaban Majalisar Iyayen Ƙasa. Masu cewa wannan kwaikwayo ne ba su san yadda ɗan gado ke girmama sana'ar gidansu ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi riƙewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon gidajen nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tsaga shi. Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000, kuma ƙananan hafsoshi, waɗanda galibi 'ya'yan manya ne, sun fi mutuwa gwargwadon yawansu. Harajin gado da aka kafa a 1894 ya yi ta cinye abin da ya rage. Duba jaruman ɗaya bayan ɗaya. Daisy ta rasa ɗan'uwanta a yaƙi, mahaifinta ya rasu a annobar mura, gida da sarauta suka koma hannun wani dangi, ita kuwa ta koma rubuta wa mujalla labarin manyan gidaje. Phryne cikin talauci ta tashi, sarauta ta faɗo wa mahaifinta ne don yaƙi ya kwashe magadan da ke gabansa. Wimsey da kansa yakan firgita da dare yana jin ƙarar igwa, Bunter, wanda sajansa ne a fagen fama, shi ke lallashinsa ya mayar da shi gado. Fara'ar waɗannan mutane irin ta mai zaman makoki ce da ya tashi ya wanke fuska don ya karɓi baƙi. Wanda ya kira ta holoƙo bai karanta da zuciyarsa ba.

Na yarda akwai raunana a cikin waɗannan littattafai, waɗanda suka cika shafi da sunayen riguna da motoci suka manta da ƙofar baya. Ma'aunina ɗaya ne: idan hadimi da kuku da 'yar aiki ba su da ido da baki a labari, na ajiye shi.

Kira na ga marubutanmu na Hausa ne. Muna da zaure da soro da cikin gida, muna da jakadiya mai ratsa su duka, da dogari da ke tsaye a waje, da shekarun 1930 da Bature da alƙali da sarki ke zaune a gari ɗaya. Kayan gini sun haɗu. A karanta Sayers da Bowen don ganin yadda ake aza tubali, sannan a gina mana namu da ƙasarmu.