Ma'aunin 'Yan Kallo: Nazari a kan Finafinan Takobi da Siddabaru na Ƙasar Sin a Dutse da Kewayenta

Daga cikin finafinai masu dogon zango da suka samu gindin zama a tsakanin matasan Dutse, Birnin Kudu, Kiyawa da Jahun, akwai waɗanda jama'a ke kira finafinan Cainis, wato wasannin ƙasar Sin da ake nuna mayaƙan zamanin da suna gwabzawa da takubba, suna tsalle daga kan soro zuwa reshen bishiya, suna kuma kifar da abokin gaba da iskar tafin hannu. Wanda bai san al'amarin ba zai ɗauka cewa sha'awar doke-doke kaɗai ke zaunar da masu kallo, amma muhawarar da ake tafkawa a majalisu da teburan masu shayi bayan an tashi daga kallo tana nuna cewa akwai ma'aunin da ake ɗora kowane fim a kansa. Ma'aunin ya ginu ne a kan tambaya guda, wato daga ina jarumi ya samo ƙarfinsa, kuma me ya biya kafin ya same shi.

Sabon da Bahaushe ya yi da faɗan Sinawa ya girmi jihar Jigawa kanta, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Tun a shekarun 1970 gidajen siliman Kano irin su Plaza, Orion da Marhaba suka riƙa haska finafinan Hong Kong tare da na Indiya, har sunan Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, ya zama laƙabin duk yaron da ya iya shuri a unguwa. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya kai su Jackie Chan da Jet Li gidajen kallo na garuruwan da ba su taɓa mallakar silima ba. Sauyin da ya fi tasiri ya zo ne bayan 2010, shekarar da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin ya fara aiki a Nijeriya da haɗin gwiwar NTA, sannan wayar hannu ta yawaita, masu tura finafinai suka kafa rumfuna a kasuwanni da bakin tasha, inda mutum zai miƙa katin memori a loda masa zango guda a kan kuɗi kaɗan. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara wa garin ɗalibai masu kallon waɗannan finafinai da rubutun Turanci a ƙasan allo, yayin da kamfanonin fassara na Kano, irin su Algaita da suka yi suna a kan finafinan Indiya, suka saba wa sauran jama'a da jin baƙon jarumi yana magana da Hausa.

A can ƙasarsu finafinan sun kasu gida biyu. Na farko shi ne wuxia, labarin mayaƙa masu kare raunana, waɗanda ke rayuwa a wata duniya tasu ta ƙungiyoyi da makarantun yaƙi, inda dokar malami da alkawari ta fi dokar sarki ƙarfi. Fitaccen marubucin wannan fanni shi ne Jin Yong, wanda ya rayu daga 1924 zuwa 2018, kuma an sha mayar da littattafansa finafinan talabijin. Na biyu shi ne xianxia, wanda ya zarce na farko a wajen ƙago, domin jarumansa suna neman dawwama ne ta hanyar halwa da tarbiyyar ruhi, suna hawa takobi su keta sararin sama, suna kuma cuɗanya da halittun da labarin ke kira alloli da shaiɗanu. Mafi yawan 'yan kallo a Jigawa ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san bambancin, domin sukan ce wannan fim na faɗa ne, wancan kuwa na tsafi ne, kuma hukuncin da suke yanke wa kowanne ya sha bamban.

Dalilin da ya sa abubuwan al'ajabi ba su zame wa mai kallo baƙi ba shi ne adabinsa da al'adarsa sun riga sun shimfiɗa musu tabarma. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, ya kai jaruminsa ƙasashen aljanu, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya nuna gurgun da ya wayi gari da ƙarfin da ya gagari rundunoni, littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma sun cika kasuwa da sadaukai da bokaye da takubban sihiri. A fagen rayuwa kuwa Bahaushe ya san tauri, maganin da ake cewa yana hana ƙarfe cin jiki, ya san layar zana da ake cewa tana ɓatar da mutum daga idon jama'a, ya san sagau da ke sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami. Yankin da ya sha fama da hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, ya kuma tashi da labaran Sarkin Haɗeja Buhari, ba ya bukatar a koya masa ma'anar jarumin da ba a iya kayarwa. Wannan gado ya bar wa mai kallo hanyoyi uku da ƙarfi ke zuwa wa mutum, wato baiwa daga Allah, horo a hannun gwani, da asiri daga boka, kuma kowace hanya da irin darajarta.

Horo shi ne ya fi samun yabo. Mai kallo ba ya ƙyamar ganin mutum yana gudu a kan ruwa, matuƙar an riga an nuna masa shekarun da mutumin ya kwashe yana ɗibar ruwa da guga biyu zuwa kan dutse, yana tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan turke har gumi ya jiƙe ƙasa, malaminsa kuma yana zaune a inuwa da sanda a hannu. Idan aka tsallake wannan mataki, yaro ya faɗa kogo ya haɗiye wata ƙwaya ya fito gagarabadau, nan take za a ji ana cewa ƙarya ta yi yawa, an raina wa mutane hankali. Ke nan abin da ake kira ƙarya a bakin 'yan kallo bai shafi saɓa wa ɗabi'ar duniya ba, ya shafi samun matsayi ba tare da an sha wuyarsa ba. Labarin Jin Yong da ya fara fitowa a 1957, wanda aka fi sani da The Legend of the Condor Heroes, ya dace da wannan ma'auni ƙwarai, domin jaruminsa Guo Jing yaro ne mai nauyin fahimta wanda naci da gaskiya suka kai shi ga ɗaukaka, har ya koyi faɗa a hannun shugaban ƙungiyar mabarata, alhali takwaransa Yang Kang, mai kaifin basira da ya tashi a gidan sarauta, ya hallaka saboda kwaɗayin mulki.

Daga horo ake gangarowa kan amana, domin ƙarfin da aka karɓa a hannun malami bashi ne. Al'ummar da ta ginu a kan dangantakar malam da almajiri a tsangaya, da ta ubangida da yaronsa a maƙera da kasuwa, tana saurin fahimtar dalilin da ɗalibi zai durƙusa a ƙofar malaminsa kwana da kwanaki yana neman gafara. Saboda haka mugun da aka fi tsana ba shi ne bos ba, wato babban abokin gaban da ake ajiye faɗansa sai ƙarshe, wanda sau da yawa ma ake yaba jarumtarsa. Wanda ake la'anta shi ne babban ɗalibin da ya saci littafin sirrin makaranta, ko ya zuba wa malaminsa guba a shayi, kuma ba a gamsuwa da fim sai an ga amanar da ya ci ta ci shi. A kan ɗaukar fansa ne ra'ayi ke rabuwa, inda matasa ke ganin fim ya lalace idan jarumi ya yafe wa wanda ya kashe mahaifinsa, manya kuwa suna ɗaukar afuwar a matsayin cikar jarumta.

Saɓani mafi zafi ya taso ne daga finafinan gida na biyu, wato xianxia. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ba ƙaramin abu ba ne a nuna fadar sama mai sarki da fadawa, ko matattu suna dawowa duniya a wani jiki, ko jarumi yana sujada ga gunki. Labarin birin nan Sun Wukong, wanda gidan talabijin na ƙasar Sin ya fitar a 1986 daga wani littafi na ƙarni na 16, misali ne bayyananne, domin barkwancin birin yana jan yara, amma tawayen da ya yi wa fadar sama yana sa iyaye ɗaure fuska. Masu suka suna cewa yawan kallon irin wannan yana rage wa yaro ƙyamar shirka, yana kuma cinye lokacin karatu da na salla. Masu kare finafinan suna amsawa da cewa tatsuniya ce, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi imani da Gizo ba. Akwai rukuni na uku da ke karanta labarin da idon gida, su ɗauki allolin a matsayin aljanu, mai neman dawwama kuma a matsayin hatsabibin boka, ta yadda labarin zai shiga cikin abin da aƙidarsu ta san da shi.

A nan ne aikin mai fassara yake da nauyi, domin shi ke zaɓar ko zai ce ubangiji ko ya ce sarkin aljanu, shi ke kuma sanya wa jarumi kirari da habaici da ba'a irin ta zauren gari. Sau da yawa mai zuwa rumfar turi yakan fara tambayar fassarar wane ce kafin ya tambayi sunan fim. Ɗaliban da suka kalli fim da rubutun Turanci sukan zargi masu fassara da ƙarin gishiri da sauya ma'ana, sauran jama'a kuwa suna ganin fassarar da ba ta sa dariya ba, ba ta cika ba. Mata, waɗanda galibi a gida suke kallo, sun fi karkata ga sarƙaƙiyar soyayya da makircin fada, kuma suturar 'yan wasan mai rufe jiki tana sa a yarda a kalli fim ɗin tare da iyali fiye da finafinan Amurka. Ƙorafin da kowa ya haɗu a kai shi ne jan labari, musamman idan fim ya haura kashi 50 ana ta zagaye a wuri ɗaya.

Abin da wannan muhawara ke nunawa shi ne masu kallo a tsakiyar Jigawa manazarta ne masu ƙa'idoji, ko da ba a rubuce suke ba, kuma ƙa'idojin sun fito ne daga tsangaya, fagen dambe da littattafan Hausa. Darasin ya fi shafar masu shirya finafinan Kannywood, waɗanda sukan kafa hujja da rashin kuɗi da na'urori idan aka tambaye su dalilin ƙarancin finafinan jarumta. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da ke riƙe mai kallo har kashi na ƙarshe shi ne ganin yadda rarrauna ya zama gwani a hankali, da yadda ya sauke nauyin wanda ya koya masa, kuma tarihin Haɗeja, Dutse da Ningi yana cike da irin waɗannan labarai da ke jiran marubucin da zai tsara su.