Na'ura da Harshen Koyarwa: Nazari a Kan Makarantun Ƙasar Yawuri

Masu muhawara a kan amfanin na'urorin koyarwa sun kasu gida biyu. Kashi na farko na ganin rediyo da talabijin da kwamfuta za su cike giɓin ƙarancin malamai. Kashi na biyu kuwa na ganin asarar kuɗi ce kurum. Dukkansu sun tsallake tambaya guda, wato da wane harshe na'urar ke yi wa yaro magana.

Ƙasar Yawuri ta isa misali. A yankunan Ngaski da Shanga da gaɓar tafkin Kainji akwai Gungawa masu harshen Reshe, da Kambari, da Shangawa, da Sarkawa masunta. Sau da yawa yaro kan tashi da harshen gida, ya tsinci Hausa a kasuwa, sa'an nan ya tarar da Turanci a aji. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a soma koyarwa da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye, amma galibin darussan da ake zubawa cikin na'urori da Turanci suke. Malami yakan dubi fuskar yaro ya sauya harshe. Na'ura ba ta da wannan ido.

Masu shakka suna da hujja. Ƙasar Kwaddibuwa ta soma koyarwa ta talabijin a 1971, ta watsar da shirin a farkon shekarun 1980. Binciken da aka fitar a 2012 game da rabon kwamfutoci ga 'yan firamare a Peru bai ga ƙaruwa a lissafi ko harshe ba. Ga kuma matsalar wuta: madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 bayan tayar da mutane wajen 44,000, ba ta wadatar da ƙauyukan bakin ruwa da lantarki ba.

Duk da haka hujjar tasu ba ta cika ba. Tun 2015 hukumar JAMB da kwamfuta take jarrabawa, saboda haka ɗalibin Wara da bai taɓa danna ta ba ya shiga fage da rauni, don ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan lokacin da annoba ta rufe makarantu a 2020, darasin rediyo ya isa inda malami bai isa ba.

Ke nan maganar ta jeri ce. A fara samar da horarren malami, a rubuta darasi da Hausa da harsunan yankin, sa'an nan a kawo na'ura ta tallafa. Idan aka juya wannan jeri, na'urar za ta ƙare a ofishin hedimasta, ƙura na cinta.