Likitar da ta ƙidaya masu ciki a gidan kaso

Littafin Jailcare na likita Carolyn Sufrin ya fito a Amurka a 2017. Likitar mata ce, ta yi shekaru tana duba matan da ke tsare a gidan kaso na birnin San Faransisko. Abin da ta gano mai ɗaci ne: matalauta da yawa, musamman masu shan ƙwaya da marasa matsuguni, ba sa ganin likita sai an kulle su. Tun 1976 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa tilas hukuma ta kula da lafiyar ɗan kaso. Wanda ke waje kuwa ba shi da wannan haƙƙi. Ashe mace mai ciki tana iya samun awo da abinci da gado ne kawai in tana bayan ƙofar ƙarfe.

A nan ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ba ta mai da masu gadi dodanni ba. Ta nuna yadda hannun da ke kulle ƙofa shi ne ke miƙa magani. Matan zumunta da ke ziyarar kurkuku, bisa gargaɗin Ibraniyawa sura 13, za su gane wannan cuɗanya.

Amma gida ɗaya ta sani sosai, kuma na birni ne mai arziki. Ƙila shi ya sa ta koma ga lissafi. A 2019 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon bincike daga gidajen kaso na jihohi 22 da na tarayya. Cikin shekara guda, daga 2016 zuwa 2017, an shigo da mata 1,396 masu ciki. An haifi jarirai 753 da rai, mata 46 sun yi ɓari, ba uwar da ta mutu.

Aiki ne babba, domin kafin nan hukuma ba ta damu da yin irin wannan ƙidaya ba. Sai dai gidajen da suka yarda ne kaɗai suka shiga, kuma ma'aikatansu ne suka kawo alƙaluman. Ba a tambayi matan ba. Lissafin bai faɗi wadda ta yi naƙuda da sarƙa a ƙafa ba, bai kuma bi jaririn da aka raba da uwarsa bayan kwana biyu ya ga inda aka kai shi ba.