Odita: Binciken da Ya Fara da Kunne

Da zarar an ce odita zai zo, kowane ma'aji ya san abin da ke gabansa: a fito da rasit, a jera bauca, a buɗe littafin kuɗi. Aiki ne na ido da biro. Amma kalmar audit ta Ingilishi, wadda daga gare ta Hausa ta samo "odita", da kunne ta fara. Tushenta kalmar Latin ce, audire, wato ji ko sauraro.

Dalilin yana Ingila ta ƙarni na 12. Tun zamanin Sarki Henry na Ɗaya, sau biyu a shekara, lokacin Ista da kuma ƙarshen Satumba, hakiman gundumomi kan hallara a baitulmalin sarki su ba da bayanin harajin da suka karɓo. Masu iya karatu kaɗan ne, don haka da baki ake karanto lissafi, manyan fada na saurare. A kan tebur akwai ƙyalle mai zanen gida-gida irin na dara, ana ɗora 'yan ƙwayoyin lissafi ana turawa, kowa na gani. Littafin lissafin baitulmalin mafi daɗewa da ya rage na shekarar 1130 ne.

Rasit ɗinsu ma sanda ce. A sassaƙa mata tsaga gwargwadon kuɗin da aka biya, a raba ta biyu a tsaye, hakimi ya riƙe ɓari, baitulmali ya riƙe ɓari. Ranar bincike sai a haɗa. In tsagar ba ta dace ba, akwai magana. Sai a 1826 aka daina amfani da sandunan, kuma wajen ƙone tarinsu a watan Oktoba na 1834 wuta ta kuɓuce ta cinye ginin majalisar dokokin Birtaniya.

Takarda ta karɓe aikin daga baya. A 1866 Birtaniya ta kafa ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, tsarin da ƙasashen da ta mallaka suka gada. Yau Turawa na cewa audit ga binciken haraji, na wutar lantarki, har na asibiti. A jami'o'in Amurka kuwa tsohuwar ma'anar na nan daram: ɗalibin da ke shiga aji don sauraro kawai, ba don jarrabawa ba, da wannan kalma ake kwatanta shi.

A Najeriya, sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa Babban Odita miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya, ita kuma ta tura wa kwamitin asusun gwamnati. Rahoton mai kauri ne, masu karanta shi ba su da yawa. Zaman kwamitin ne wurin da jami'i ke amsa tambaya da bakinsa, kuma shi ya kamata gidajen rediyo su riƙa kawo wa jama'a kai tsaye, da Hausa.