Murya da Amshi: Me ke Sa Waƙa ta Zauna a Bakin Jama'a?



Ranar kasuwar Tanut ko ta Belbeji, ku tsaya kusa da rumfar masu zuba waƙoƙi a salula. Kafin ku ƙare cinikin gero za ku ji waƙa ta fi ashirin. Amma da marece, bisa amalanke, kan hanyar komawa gida, ɗaya ce ko biyu za ta dawo bakinku. Sauran sun bi iska. Me ya sa?

Samari masu son kafa ƙungiyar kiɗan zamani suna cewa asirin yana ga kaya: gita mai tsada, manyan lasifika, da gwani mai saurin yatsu. Ni ban yarda ba. Abu biyu ke riƙe waƙa. Na farko muryar mai ba da waƙa. Na biyu amshin da kowa ke iya ɗauka.

Mu fara da na gida. Alhaji Mamman Shata, mutumin ƙasar Katsina, ya rasu a 1999. Har yau, in aka sa Bakandamiya, tun daga ɗaki tsoho zai ce: Shata ne. Kalangu ba na Shata kaɗai ba ne, mahauta ma suna da makaɗansu. Muryar ce ba ta da ta biyu. Kuma ƴan amshinsa suna maimaita magana guda, gajera, har ta shiga kunnen wanda bai yi niyyar koyo ba. Haka Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram: shi ya ba da waƙa, yaransa su amsa, taro ya ɗauka.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ƙara tabbatar da zancen. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi. Ba shi da ƴan amshi. Shi ke waƙa, kuntigi na amsa masa. Duk da haka Waƙar Karen Mota ta zagaye tashoshin ƙasar Hausa. Ashe yawan kaya ba shi ne waƙa ba.

To, ko Turawa haka abin yake? Ga labarin wata ƙungiya ta ƙasar Ingila mai suna Genesis. Da farko suna yin wani irin kiɗa mai wuya, mai yawan sauye-sauye, wanda gwanaye ke so. A 1972 sun yi waƙa guda mai tsawon kusan minti 23. Masana suka yaba, amma gidan radiyo ba ya iya sa irinta kullum. A 1975 mawaƙinsu, Peter Gabriel, ya bar su. Mutane suka ce ƙungiya ta mutu. Sai mai gangarsu, Phil Collins, ya karɓi waƙa. Sannu a hankali suka riƙa yin waƙoƙi gajeru masu amshi mai daɗin riƙewa. A 1986 wata waƙarsu da ba ta kai minti 4 ba ta zo ta ɗaya a Amurka. Da Collins ya tafi a 1996, suka ɗauki sabon mawaƙi. Mai gita da mai fiyano suna nan, gwanintarsu ba ta ragu ba. Amma faifan 1997 bai yi kasuwa a Amurka ba, har suka fasa zagayen wasa a can. Kun ga, muryar da jama'a suka saba da ita ce ta tafi da kasuwar.

Wani zai ce: ina ka bar Tal National ta Yamai, ƙungiyar Almeida? Mawaƙansu da yawa, suna karɓa-karɓa. Kiɗansu sauri gare shi, gita da ganga suna sarƙewa da juna. Faifansu Kaani na 2013 ya kai su har Amurka. Gaskiya ne. Amma ku saurara da kyau. Suna ɗauko waƙoƙin gargajiya waɗanda kunne ya riga ya sani, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Buzaye. Kiɗan ne mai wuya, amshin mai sauƙi ne. Mai rawa yana samun inda zai kama.

Sai dai fa akwai gyara biyu.

Na farko, kada mu manta da makaɗa. Cikinmu wa zai iya faɗin sunan masu kalangun Shata? Ƙalilan ne. Suna da kyauta duk na mai murya ne, alhali ba a ɗora tukunya bisa dutse ɗaya. Murya, amshi da kiɗa su ne duwatsun murhu uku. Shugaban ƙungiyar da ya cinye kuɗin biki shi kaɗai, ba da daɗewa ba zai tsaya fili ba mai amsa masa.

Na biyu, amshi mai daɗi ba ya zaɓen kaya. Kamar jaki yake, abin da aka ɗora masa shi zai kai gida. Yana ɗaukar gargaɗi, yana ɗaukar zambo da zagi. Lokacin zaɓe muna jin yara ƙanana suna rera cin mutuncin dattijan da ba su taɓa gani ba. Ba su san ma'ana ba, daɗin amshi ne ya ja su. Don haka saurin shiga baki bai isa a ce waƙa ta yi kyau ba.

Ga shawarata ga samarin Damargu masu gita. Kafin ku sayar da tunkiya ku sayi lasifika, ku kashe kayan wuta, ku rera waƙarku da baki kawai gaban mata masu daka. In washegari kun ji ta a bakin rijiya, to, ta kama. Sannan ku tambayi kanku: maganar da ke cikinta, za mu iya faɗinta gaban iyayenmu? In amsa i ce, ku ɗauki gita. In a'a ce, ku koma ku sake ɗinki.